Ina Ruwan Sama Ke Tafiya? Darasin da Yaran Kaduna Ke Haddacewa Ba Su Taɓa Shi da Hannu Ba

A manhajar kimiyya ta makarantun firamare akwai wani ɗan darasi da ba ya wuce shafi ɗaya ko biyu na littafi: ire-iren ƙasa, da yadda kowace ke riƙe ruwa ko sakinsa. Duk wanda ya zauna a bencin firamare ya san yadda aka fi koyar da shi. Malami ya rubuta kalmomi uku na Turanci a allo, ɗaya ta rairayi, ɗaya ta yumɓu, ɗaya ta ƙasar da ke tsakaninsu. Yara su maimaita da ƙarfi, a gaya musu cewa ta ukun ita ce mafi kyau, ranar jarrabawa su cike gurbi, a wuce babi na gaba. Yaron da ya cinye makin duka zai fito daga aji a watan Satumba, ya tuɓe takalmi ya ratsa ruwan da ya kwanta a ƙofar makaranta tun shekaranjiya, bai taɓa kawowa a ransa cewa wannan ruwan ne aka yi masa jarrabawa a kansa ba.

A birnin Kaduna wannan darasi ya fi ƙarfin hadda. Da shi ake sanin inda ya kamata a kafa harsashin gida, da inda za a haƙa rijiya, da inda za a gina masai, da abin da zai biyo baya idan aka shafe tsakar gida da siminti. Ya kamata a fitar da shi daga allo a sa shi a hannun yara, da ƙasar unguwarsu, da sunayen da ake kiranta da su a gidajensu. Kuma kada a tsaya a gwajin cikin aji, domin gwajin cikin aji shi kaɗai rabin gaskiya yake faɗa.

Birnin yana samun ruwan sama wajen milimita 1,200 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Afrilu da Oktoba, mafi yawansa a Agusta da Satumba. Lissafin da ke bayan wannan adadi mai sauƙi ne, ɗan aji biyar zai iya shi: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Fulotin da aka saba yankawa, mai ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo, ya kai murabba'in mita 460 da 'yan kai. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare guda, abin da ba baƙo ba ne a marka, lita dubu 23 ce ta sauka a wannan fuloti kaɗai, wato sama da jarka 900 irin waɗanda 'yan garuwa ke turawa a kura. Wannan ruwa hanya biyu gare shi a wannan dare: ko ƙasa ta shanye shi, ko ya bi kwata ya fita titi ya nufi gidan da ke gangare. Darasin ƙasa shi ne darasin abin da ke raba ruwan tsakanin hanyoyin nan biyu.

Ƙasar Kaduna kuwa ba iri ɗaya ba ce, ko da a unguwa guda. Birnin yana zaune a kan daɗaɗɗen dutse mai tauri, dangin wanda ya fito sarari a Kufena ta Zariya. Zamani mai tsawo na zafi da ruwa ya ruɓar da saman dutsen ya zama jar ƙasa, wadda tsatsar ƙarfen da ke cikinta ta ba ta launi. A wasu wurare wannan ƙasa ta ƙame ta zama marmara, wadda ruwa ke gudu a kanta kamar a kan daɓe. Idan aka gangara wajen kogi da rafukan da ke shiga cikinsa, sai a tarar da fadama, mai laka da yashin da ruwa ya kwanto. Sunayen unguwanni ma suna faɗin haka ga mai sauraro: Tudun Wada, Tudun Nufawa, Hayin Banki, Rafin Guza, Kurmin Mashi, Bakin Ruwa. Waɗanda suka raɗa sunayen nan sun dubi ƙasa da hanyar ruwa kafin su kafa bukka. Jikokinsu suna furta sunayen kullum a bakin tasha, amma ba kowa ke jin abin da suke nufi ba.

Gwajin cikin aji ba ya buƙatar ɗakin kimiyya. Goruna uku ko huɗu na roba, a yanke kowace biyu, a kife saman a cikin gindin ya zama mazurari, a ɗaure tsumma a bakin. A zuba busasshiyar ƙasa daidai wa daida: yashin bakin kogi a ɗaya, jar ƙasar filin makaranta a ta biyu, lakar fadama ko yumɓun masu ginin tukwane a ta uku, ƙasar gindin bishiya mai ruɓaɓɓen ganye a ta huɗu. A zuba wa kowace ruwa ma'auni ɗaya. Ledar ruwan sha ta rabin lita ta isa ma'auni. Yaro ɗaya ya riƙe agogo, wani ya rubuta lokacin da ɗigon farko ya faɗo, wani ya auna abin da ya taru a ƙasa bayan minti goma. Kafin a zuba ruwan, kowa ya faɗi abin da yake tsammani, a rubuta a allo. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ran darasin, kuma shi aka fi tsallakewa. Yaron da ya yi hasashe ya ga hasashensa ya rushe a gaban idonsa ba ya mance ranar.

Abin da yaran za su gani shi ne abin da wani injiniya ɗan Faransa, Henry Darcy, ya auna ya wallafa a 1856, lokacin da yake bayanin aikin samar wa birnin Dijon ruwan sha. Ya cika bututu da yashi, ya tura ruwa ta ciki, ya gano cewa saurin wucewar ruwan ya danganta da ƙarfin da ke tura shi da kuma irin yashin. Har yau da wannan ƙa'ida injiniyoyin rijiyar burtsatse da na madatsun ruwa ke aiki, ita ce kuma ake koya wa ɗalibai a Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke hanyar Mando a nan Kaduna. Bututun Darcy da gorar ɗan firamare abu ɗaya ne, girma kawai ya bambanta su.

Dalilin bambancin yana cikin girman ƙwaya. Ƙwayar rairayi tana kaiwa daga milimita 0.05 zuwa milimita 2, ido yana ganinta, yatsa yana jin kaushinta. Ƙwayar yumɓu ba ta kai milimita 0.002 ba, sai an jera aƙalla 500 kafin su cika milimita ɗaya. A nan akwai wani abin mamaki da littattafan firamare ba su cika faɗa ba, alhali shi ne ya fi daɗin koyarwa: idan aka haɗa dukkan sararin da ke tsakanin ƙwayoyi, yumɓu ya fi rairayi sarari. Amma sararin nasa ƙananan ƙofofi ne matsattsu, ruwa yana manne wa bangonsu ya ƙi motsi. Na rairayi kaɗan ne amma manya, ruwa yana ratsa su ba shamaki. Kamar filin wasa ne mai ƙofofi dubu waɗanda ba mai iya bi sai a rarrafe, da wani mai ƙofofi goma da mota ke shiga. Saboda haka bambancin saurin ruwa tsakanin tsantsar yashi da tsantsar yumɓu ba ninki biyu ko goma ba ne, ya wuce ninki dubu. Idan ana so yara su ga ƙwayoyin da idonsu, sai a zuba ƙasa a kwalba mai ruwa a girgiza a ajiye a taga. Rairayi zai kwanta cikin minti ɗaya, lallausar ƙasa irin ta ƙurar hunturu ta biyo baya cikin awoyi, yumɓu kuwa ya bar ruwan a gurɓace har kwanaki.

Sai dai akwai jimlar da ya kamata a goge daga allo: wai ƙasa kaza ita ce mafi kyau. Mafi kyau ga wa? Mai noman shinkafa a fadama laka yake nema, wadda ke riƙe ruwa. Mai gyaɗa da gero jigawa yake so. Mai buga bulo yashi yake saya, kuma zai mayar da tifar da aka kawo masa da laka a ciki. Mai ginin ƙasa jar ƙasa mai danƙo yake kwaɓawa. Mai ginin tukunya yumɓu ne dukiyarta, kuma hoton ɗaya daga cikinsu, Ladi Kwali, yana bayan takardar naira 20 da ke aljihun yaron. Ramin sokawe yana son ƙasa mai shan ruwa, madatsar ruwa tana son wadda ba ta sha. Yaron da aka koya wa cewa amsa ɗaya ce an hana shi tambayar da manya ke yi a wurin aiki: wace ƙasa ce, kuma don wane aiki?

Nan ne batun harshe ya shigo, ba don kishi ba, don amfani. Littafi ya zo da kalmomi uku. Hausa tana da rairayi, da yashi, da jigawa, da turɓaya, da jangargari, da laka, da taɓo, da yumɓu, da tsakuwa, da burji, da marmara, da fako. Kowace kalma a cikinsu tana ɗauke da labarin yadda ruwa ke yi da ita. Da an ce fako, manomi ya san ƙasa ce da ta ƙame, ruwa yana zuba ya gudu bai shiga ba. Manoman Illela ta jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar sun farfaɗo da irin wannan ƙasa ta hanyar haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa, su zuba taki a ciki, ruwa ya taru, gara ta huda ƙasar ta buɗe masa hanya. Wannan kimiyyar tsiyayar ruwa ce tsantsa, an yi ta da fartanya. Kaduna kuma gari ne na kowa: yaro Bagwari, da Bayarabe, da Banufe, da ɗan Bajju suna aji ɗaya, kowannensu akwai sunayen ƙasa a bakin kakarsa. Aikin gida guda ɗaya, a ce kowa ya tambayo sunayen ƙasa a gidansu ya zo da ɗan samfur a leda, ya fi shafi goma na kwafe. Kalmomin Turancin ba za su ɓata ba. Za su sami abin da za su rataya a jikinsa.

Amma gora tana yaudara idan aka tsaya a kanta. Ƙasar da aka haƙo aka daka aka zuba a roba ta rasa abin da ya fi muhimmanci a rayuwarta: tsarin da take da shi a inda take kwance. Ramukan tana da na gara, hanyoyin da ruɓaɓɓun saiwoyi suka bari, dunƙulen da ƙwayoyi ke yi, duk an rushe su. Don haka rabin darasin na biyu a waje yake. A sami gwangwanin madara ko na tumatir, a cire sama da ƙasa, a kafa shi ya nitse kamar gaɓar yatsa biyu, a zuba ruwa ma'auni ɗaya, a ƙirga lokacin da zai ɗauka ya ɓace. A yi a gindin bishiya inda ganye ke ruɓewa. A yi a tsakiyar filin da ake taron safe, inda ɗaruruwan ƙafafu ke takawa kullum. A yi a gefen hanyar da babura ke bi. Ƙasar iri ɗaya ce, launi ɗaya, amma a gindin bishiya ruwan zai shige da sauri, a filin taro kuwa sai ya yi ta kallon yaran. Daga ƙarshe a zuba ma'auni ɗaya a kan simintin baranda, a bi shi da ido a ga inda ya nufa.

Abin da yaro ya koya a nan ya fi na gora nauyi. Ya gane cewa ba halittar ƙasa kaɗai ke hukunci ba, har da abin da mutane suka yi mata. Kuma wannan shi ne labarin Kaduna a shekarun nan. Filayen da dā suke gonaki da lambuna a gefen Kawo, da Malali, da Rigasa sun zama gidaje. Tsakar gidan da take ƙasa da bishiyar mangwaro ta zama siminti daga bango zuwa bango, saboda tsafta da gudun taɓo, kuma ba wanda zai zargi uwar gida da son tsafta. Aikin sabunta birni da aka ƙaddamar a 2019 ya kawo faɗaɗɗun tituna da magudanai, abin da birnin ya daɗe yana buƙata. Amma kowane murabba'in mita na kwalta da rufin kwano wuri ne da ƙasa ta daina sha, kuma magudana ba ta ɓatar da ruwa, tana kai shi ne ga wani da sauri. Ƙasar Sin, bayan ta shafe biranenta da kankare ta ga sakamakon, ta fara gwajin abin da ta kira birni mai kama da soso a birane 16 a 2015: daɓe mai shan ruwa, lambuna, da tafkuna a cikin gari. Da kuɗi masu yawa take sayo abin da tsakar gidan ƙasa ke yi kyauta.

Ya kamata kuma a gaya wa yara iyakar darasin, domin ambaliya iri biyu ce. Akwai ta unguwa, wadda ruwan da ya sauka a nan ya rasa inda za shi. Akwai kuma ta kogi. Kogin Kaduna yana tasowa ne daga tsaunukan Jos, ya kwaso ruwan ƙasa mai faɗi kafin ya iso birnin. Idan ya cika ya tumbatsa, kamar yadda ya yi a Agustan 2003 da kuma daminar 2012, ba wata tsakar gida da za ta shanye shi. Mazauna Kigo Road da gangaren Unguwar Rimi da Kabala sun san haka fiye da kowa. Duk da haka ƙasa tana da abin faɗa a nan ma. Fuloti a rani ake cinikinsa, lokacin da ko'ina ya bushe, fadama da tudu suka zama kama ɗaya a idon baƙo. Amma idan aka haƙa rami mai zurfin gwiwa, launi yana ba da shaida: ƙasar da iska ke shiga ja ce ko ruwan ƙasa, wadda ruwa ke kwana a cikinta wata da watanni kuwa toka-toka ce, da ɗigo-ɗigon tsatsa. Ma'aikacin da ya tara kuɗin shekara goma zai sayi fili, da an nuna masa wannan yana ɗan shekara goma sha ɗaya, da ya tafi ganin fili da shebur, ba da dillali kaɗai ba.

Akwai kuma gefen da ba a gani, wanda ya fi kisa. Ruwan da ƙasa ta sha ba ɓata yake yi ba. Yana gangarawa ya taru a ruɓaɓɓen saman dutse da tsagoginsa, daga nan rijiyoyin gidaje ke ɗiba. Ƙasa matata ce, amma tacewarta tana buƙatar nisa da lokaci. Ƙa'idar da ma'aikatan tsaftar muhalli ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin ramin ya ɗara saman ruwan ƙasa da mita ɗaya da rabi. Tsawon fuloti gaba ɗayansa mita 30 ne. Ke nan a unguwa mai cunkoso, ko mai gida ya nisanta rijiyarsa da masansa, na maƙwabci yana bayan katanga. A ƙasa mai yashi ko tsakuwa, da damina lokacin da ruwan ƙasa ya taso, tafiyar ba ta da tsawo. Famfon titin Broad a Landan, wanda likita John Snow ya danganta da annobar amai da gudawa a 1854, an gano rijiyarsa tana dab da wani ramin ƙazanta mai yoyo. A 2021 wannan cuta ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,500, mafi yawansu a Arewa. Yaron da ya ga ruwa mai launi ya ratsa gorar yashi ya fito da launinsa cikin daƙiƙoƙi ba ya buƙatar doguwar lacca kan dalilin dafa ruwan rijiya a marka.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Ajin da ya cika maƙil, malami ɗaya, minti talatin da biyar, jarrabawa kuma tana tambayar kalmomi uku ne kawai. Za su tuna cewa a 2017 gwamnatin jihar ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta ce 21,780 ba su ci ba, su ce wanda ke fama da karatu da rubutu ba ya da lokacin wasa da taɓo. Amma hujjar tana iya juyawa. Aji mai yawa shi ne ya fi dacewa da aikin rukuni-rukuni a fili, inda yaro tamanin ba sa buƙatar benci. Malamin da Turancinsa ke da rauni sau da yawa ɗan manomi ne da ya san jigawa da fadama tun yana goye. Wannan ne darasin da ya fi littafin saninsa, idan aka ba shi izinin faɗa. Kuma a cikin aikin akwai awo, da ƙirga lokaci, da rubuta jadawali, da kwatanta lambobi, wato lissafin da ake kukan yara ba su iya ba. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa tana nan Rigachikun, a bakin hanyar Zariya. Sa wannan gwaji na gora da gwangwani a cikin horon da take bayarwa ba ya buƙatar sabon gini ko kwangila.

Wata hujjar ita ce, ambaliya da gurɓatar rijiya aikin hukuma ne: ita ke ba da izinin gini, ita ke da alhakin ruwan famfo da magudanai, kuma ɗora wa yara nauyin gyara wata hanya ce ta wanke manya. Wannan gaskiya ne, gwangwani ba ya maye gurbin KASUPDA. Amma jami'in da ke sa hannu a takardar izini, da kansilan unguwa, da magini, da mai sayen fili, duk daga bencin firamare ɗaya suka fito, kuma kusan dukkansu kalmomi uku suka haddace.

Lokacin yin aikin ma a shirye yake cikin kalandar makaranta. Zango na uku yana faɗawa a farkon damina, zango na ɗaya yana buɗewa a Satumba ƙasa ta ƙoshi. Idan aji ɗaya ya kafa gwangwani a wurare uku a watan Mayu, ya sake a wuraren nan a Satumba, ya maimaita a Janairu da hunturu, zai ga ƙasa guda tana ba da amsa uku. A rubuta lambobin a kwali a manna a bango, aji na gaba ya ɗora nasa a ƙasa. Makarantar Malali ta aika wa ta Kurmin Mashi da nata jadawalin, ta Rafin Guza ta aika wa ta Tudun Wada, yara su zauna su yi gardama kan dalilin da ya sa rabin lita ɗaya ta ɓace da wuri a can, ta daɗe a nan.